Rage Illar Shaye-shaye: Yadda Ake Riƙe Ran Mashayi Kafin Ya Daina

Wa'azin da ake yi kan shaye-shaye maganarsa ɗaya ce, a daina, kuma babu mai ja da hakan. Sai dai tsakanin ranar da yaro ya ji wa'azi da ranar da zai iya dainawa akan ɗauki shekaru, kuma a cikin waɗannan shekarun ne ake mutuwa a ɗaki cikin barci, ake kwasar ciwon hanta a bakin sirinji, ake rasa ƙafa saboda gyambon allura. Aikin da ma'aikatan lafiya ke kira rage illa, aikin wannan tsakanin ne. Ana tarar da mutum a inda yake, a rage masa abin da zai kashe shi yau, a riƙe shi kusa har ranar da zai ce ya gaji. Wanda ya mutu dai ba ya tuba, ba ya kuma zuwa asibiti.

Tsarin ya samo asali ne a shekarun 1980, lokacin da ƙanjamau ke yaɗuwa tsakanin masu allurar hiroyin a Turai. A 1984 aka fara musayar tsofaffin sirinji da sababbi a Amsterdam, birnin Liverpool na Ingila ya biyo baya a 1986. Mai cewa wannan harkar Turawa ce ya duba Iran da Malesiya, inda gwamnati da kanta ke ba da maganin metadon, wanda ake maye wa mashayi gurbin hiroyin da shi, da sirinji mai tsabta tun tsakiyar shekarun 2000. Tanzaniya ta buɗe asibitin metadon a Muhimbili da ke Darussalam a 2011, Sanagal ta buɗe tata cibiyar a Dakar a 2014. Malaman da suka amince da aikin sun kafa hujja da ƙa'idar da kowane ɗalibin fiƙihu ya sani, cewa idan cuta biyu suka haɗu kuma babu makawa, akan ɗauki mafi sauƙi. Ku masu son fara wannan aikin a unguwa, ku riƙe wannan hujjar, domin za ku buƙace ta tun a zama na farko da liman.

Ku fara da sanin abin da ake sha a unguwar

Kuskuren farko shi ne kwaso tsarin Turai kamar yadda yake. Can hiroyin ce da allura. A nan ƙwaya ce da kwalba. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi, wanda ya fito a farkon 2019, ya nuna mutum miliyan 14.3 ne suka yi ta'ammali da kayan maye a Najeriya cikin shekara guda. Miliyan 10.6 tabar wiwi ce, miliyan 4.6 magungunan ciwo irin su tiramadol da ake kira tiramol, miliyan 2.4 maganin tari. Masu yin allura kimanin 80,000 ne, kuma yawancinsu ma maganin asibiti suke tsirawa. Cikin kowane mashayi huɗu, ɗaya mace ce. Ma'anar wannan lissafi ita ce, ƙungiyar da ta tara katan-katan na sirinji amma ba ta san me ake yi wa wanda tiramol ta jefa cikin jijjiga ba, ta shirya wa baƙon da ba shi ne zai zo ba.

Ku raba kayan gida uku a kanku, domin haɗarinsu ya bambanta. Akwai dangin ofiyom: kodin, tiramadol, fentazosin da ake kira fenta, tafentadol, da hiroyin. Su numfashi suke dannewa. Akwai masu sa barci: Rohypnol da ake kira roci, diyazefam, firegabalin, da giya. Idan ba a haɗa su da komai ba, ba su cika kisa nan take ba, amma idan suka haɗu da na farko sai numfashi ya tsaya. Akwai na shaƙa, sholisho da fetur da sukudayin, waɗanda zuciya suke taɓawa. Wiwi da ƙwayar Exol da zaƙami matsalarsu ta fi karkata ga rikicewar tunani.

Wannan bayanin ba a ofis ake samun sa ba. Ku nemi mutum biyu ko uku daga cikin mashayan, waɗanda ake jin maganarsu a majalisa, ku ɗauke su aiki da alawus. Su za su gaya muku wace ƙwaya ce ta shigo kasuwa a makon nan, wa ya faɗi, a wane kango ake kwana. Baƙo mai rigar ƙungiya da takarda a hannu, ɗan leƙen asiri za a ɗauke shi.

Kafin ku raba komai

Dokar NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, ta tanadi ɗaurin shekara 15 zuwa 25 ga wanda aka kama yana riƙe da hodar iblis ko hiroyin ko makamantansu, ko yana sha. Saboda haka ma'aikacin da aka tare da jaka cike da sirinji a bakin wata daba yana cikin haɗari idan ba shi da takarda. Gwamnatin tarayya ta gwada rabon sirinji a 2020 a jihohin Gombe da Oyo da Abiya, aikin ba haramtacce ba ne, amma ɗan sandan da ke sintiri ba lallai ya san da wannan ba.

A yi aikin ƙarƙashin inuwar wani asibiti ko ma'aikatar lafiya ta jiha, da wasiƙa a rubuce, kowane ma'aikaci da katin shaida. A je a gaida kwamandan NDLEA na yankin, da DPO, da Hisba inda take, da mai unguwa, da 'yan sintiri. Abu ɗaya za ku roƙa a wajensu: kada a yi kame a wurinku ko a hanyar zuwa wurinku. Rana ɗaya aka kama mutum a ƙofarku, kun yi bankwana da sauran na tsawon watanni.

Kada ku rubuta sunan kowa. A ba kowa lamba da zai iya tunawa, misali harafin farko na sunan mahaifiyarsa da shekarar haihuwarsa, littafin kuma ya kwana a kulle. Hoto babu, ko da mai ba da tallafi ya nema.

Abin da za a faɗa wa mai shan ƙwaya da kodin

Ba lacca ake yi ba. Magana huɗu ko biyar ce, a maimaita su duk haɗuwa har su zauna.

Ta farko, kada a haɗa. Yawancin waɗanda ake tararwa sun mutu ba abu ɗaya suka sha ba. Kwalbar kodin da roci biyu da giya, kowanne yana danne cibiyar numfashi da ke ƙwaƙwalwa ta tasa hanyar, idan suka taru sai su fi jimillarsu ƙarfi. Wanda ba zai iya barin komai ba, a lallashe shi ya bar haɗin.

Ta biyu, lamba. Iyakar tiramadol da likita ke ba majinyaci a yini miligiram 400 ce, a rarrabe. Wanda doka ta amince a sayar mai 50 ne da mai 100. Na bayan fage kuwa 200 ne, 225, har 250, wato ƙwaya biyu sun riga sun kai ko sun haye iyakar yini guda. Daga nan jijjiga ke farawa, kuma tana iya kama wanda bai taɓa farfaɗiya ba. Haɗarin ya fi yawa ga mai farfaɗiya, da wanda bai yi barci ba, da mai shan maganin damuwa irin amitiriftilin ko fuluwoksetin. Ɗan acaba, direba, mai aikin gini a saman bene, mai shiga ramin haƙar zinare, su ne suka fi sha don ƙarfin aiki, su ne kuma jijjiga ta fi yi wa illa, domin faɗuwar ce ke kashe su.

Ta uku, abin da aka rubuta a kwali ba shi ne lallai ke ciki ba. Tun da aka hana maganin tari mai kodin a watan Mayun 2018 aka kuma matsa wa tiramadol, kasuwa ta cika da jabu da sababbin haɗi. Akwai ƙwayar da ke ɗauke da tafentadol haɗe da karisofurodol, ana sayar da ita a matsayin tiramol, alhali ta fi danne numfashi. Duk sabon kwali, sabon launi ko sabon dila, a fara da kwata ko rabi, a jira aƙalla awa biyu. Ƙwayar haɗiya ba ta nuna ƙarfinta da wuri, kuma mai gaggawar ƙarawa saboda bai ji komai ba, shi ne duka biyun ke tarar wa a lokaci guda.

Ta huɗu, kada a sha a kulle ƙofa. A sha inda wani zai gani, kuma kada duka majalisa ta bugu a lokaci ɗaya, wani ya tsaya da hankalinsa. Mai kwanciya ya kwanta ta gefe.

A duba kuma ko ƙwayar tana haɗe da farasitamol. Fiye da giram 4 a yini yana ƙona hanta, kuma mutum yakan yi kwana biyu yana jin garau kafin ido ya yi ɗorawa, lokacin an makara.

Masu sholisho nasu daban ne. Tururin yana sa zuciya ta kasa jure firgita, saboda haka yaron da ke shaƙa ba a daka masa tsawa, ba a bin sa da gudu, domin zuciyar tana iya tsayawa nan take. A matso a hankali, a fitar da shi iska. A hana shi sa kai cikin leda, a raba shi da wuta da taba.

Idan mutum ya faɗi

Nan ne aikin yake, kuma duk wanda ke zama da mashayi, uwa ce, mata ce ko aboki, ya kamata ya iya shi kamar karatun sallah.

Alamomi uku ke nuna dangin ofiyom sun fi ƙarfin mutum: ba ya farkawa, numfashinsa ya ragu ko ya tsaya, baƙin tsakiyar idonsa ya tsuke kamar kan allura. A fatarmu ba a cika ganin shuɗin da littattafai ke faɗa ba, sai a ɗaga leɓe a duba dasashi da harshe da farce, za a ga sun yi toka-toka. Abin da ya fi yaudarar mutane shi ne minshari. Minshari mai kakari, mai yankewa yana dawowa, ba barci ba ne, maƙogwaro ne ke toshewa. Sau da yawa akan ji shi a ce a ƙyale shi ya huce, da asuba a tarar da gawa. Mutuwar ba farat ɗaya take zuwa ba, takan ɗauki awa ɗaya zuwa uku, kuma a cikin wannan lokacin ana iya ceto.

Ga yadda ake yi. Kira sunansa da ƙarfi, ka girgiza kafaɗarsa. Idan bai motsa ba, dunƙule hannu ka murza gaɓoɓin yatsu a ƙashin ƙirjinsa da ƙarfi. Wanda wannan bai tayar ba yana cikin haɗari. Tura wani ya nemo mota ko Keke Napep, a kira 112 inda take aiki, kai kuma kada ka matsa. Kwantar da shi rigingine, ka buɗe bakinsa ka cire abin da kake gani, ka ɗaga haɓarsa kan ya ɗan koma baya. Ƙirga numfashinsa. Idan bai kai sau goma a minti ba, ko yana jan sa da ƙyar, toshe hancinsa da yatsu biyu, ka haɗa bakinka da nasa ka hura sau biyu, kana kallon ƙirjinsa ya taso. Daga nan hura ɗaya duk daƙiƙa biyar. Rashin iska ne ke kashe shi, saboda haka wannan hurawar kaɗai tana iya riƙe shi har asibiti ko da babu magani. Idan numfashi ya ɗauke ɗungurungum kuma babu alamar rai, a danna tsakiyar ƙirji da tafin hannu biyu, zurfin santimita 5, sau 100 zuwa 120 a minti, dannawa 30 hurawa 2.

Makarin dangin ofiyom shi ne nalokson. Yana ture su daga inda suka maƙale a ƙwaƙwalwa, numfashi ya dawo. Ba ya bugarwa, ba a sabawa da shi, kuma idan aka yi wa wanda ba ofiyom ya sha ba, ba ya cutar da shi. Tun 2014 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a sa shi a hannun duk wanda zai iya tarar da irin wannan faɗuwa, ba ma'aikatan asibiti kaɗai ba. Ba kowane kemis ke da shi ba, sai ku nemo ta hannun asibitin da kuke aiki tare. Yawanci yana zuwa a 'yar kwalbar allura mai miligiram 0.4 a mililita ɗaya. A fasa, a zuƙe duka, a tsira a gefen cinya ta waje ko a damtse, ko ta saman wando ne. A ci gaba da hura iska. Idan bayan minti 2 zuwa 3 bai farfaɗo ba, a ƙara wata. Jakar nalokson da za a ba mutum ta ƙunshi aƙalla kwalba biyu, sirinji biyu da safar hannu. Akwai na fesawa a hanci mai miligiram 4, inda aka same shi ya fi sauƙin koyarwa. A ajiye shi a inuwa. But ɗin babur a zafin Afrilu ba ma'ajiyar magani ba ce.

Wuraren da ake kuskure su ne waɗannan. Nalokson yana aiki na minti 30 zuwa 90 ne kawai, tiramadol da metadon kuwa sun fi shi daɗewa a jiki nesa ba kusa ba, don haka wanda ya farka yana iya komawa. Dole a kai shi asibiti, in ya ƙi a zauna da shi awanni ana kallon numfashinsa. Zai farka da ciwon jiki da amai da faɗa, domin maganin ya yanke masa maye a lokaci guda, kuma abin da zai fara nema shi ne ya ƙara sha. A hana shi, a gaya masa abin zai lafa. Nalokson ba ya karya roci ko diyazefam ko giya, saboda haka wanda ya yi haɗi zai iya dawo da numfashi amma ya ci gaba da barci, kuma hakan ya wadatar: numfashi ake nema. Da zarar yana numfashi da kansa, a juya shi ta gefe, gwiwar sama a lanƙwashe, hannu a ƙarƙashin kunci, baki yana kallon ƙasa, don kada amai ya koma huhu.

Kada a ɗura masa madara, manja, ruwan gishiri ko rubutu. Wanda ba ya cikin hayyacinsa ba ya iya haɗiya, abin huhu yake tafiya. Kada a sa masa yatsa don ya yi amai, kada a jefa shi a ruwa, kada a yi ta marinsa. Addu'a a yi ta da baki, hannu yana aiki.

Idan jijjiga ce, a kawar da abin da zai buge, a tallafi kansa da tsumma, a duba agogo. Ba a danne shi, ba a sa cokali a baki, harshe ba ya haɗiyuwa, haƙori ne dai ke karyewa. Idan ta tsaya a juya shi ta gefe. Jijjigar da ta wuce minti 5 ko ta dawo kafin ya farfaɗo, asibiti kai tsaye. Tiramadol takan kuma saukar da sukarin jini, a gaya wa ma'aikatan su auna. A tafi da kwalin ƙwayar. Mutane kan ƙi zuwa asibiti don tsoron 'yan sanda, sai a tuna musu cewa Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar majinyacin gaggawa.

Masu allura

Ba su da yawa, amma illarsu ta fi tsanani. A Arewa fenta ce ta fi yawa, kuma da dama daga masu yin ta a gadon asibiti suka fara, musamman masu sikila. Fentazosin yana ƙona nama. Wurin da aka yawaita tsirawa yakan taurare kamar itace, sannan ya fashe ya zama gyambo mai zurfi da ke ƙin warkewa. Wanke gyambon nan da ruwan gishirin asibiti da naɗe shi, ba tare da faɗa ba, shi ne abin da ya fi jawo su wurinku.

Ƙa'idar ita ce sabon sirinji a kowace tsira. Ba sirinjin kaɗai ba, har ruwan haɗi da auduga da murfin da ake damawa, domin ƙwayar ciwon hanta nau'in C tana rayuwa makonni a busasshen jinin da ido ba ya gani. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi ne sirinji 300 ga kowane mutum a shekara nan da 2030. Kada ku ce sai an kawo tsoho ɗaya za a ba da sabo ɗaya. Mai tsira sau huɗu a yini da aka ba biyu, aro zai yi. A ba shi gwargwadon buƙatarsa, a haɗa masa da robar zuba tsofaffi mai kauri da murfi, a karɓa idan ta kai kashi uku cikin huɗu, a kai asibiti a ƙona. Ku riƙa zagayawa kuna tsince na ƙasa da abin kamawa, ba da hannu ba. Sirinji ɗaya da yaro ya taka a lungu ya isa ya sa unguwa ta kore ku.

A koya musu wanke hannu da sabulu, goge wurin da sifirit sau ɗaya ta fuska ɗaya, da sauya wuri. Wuya da matsematsi ba a tsira su sam, manyan jijiyoyi na nan. Jini ja wur mai kumfa da ke turo sirinji, tare da zafi mai tsanani, jijiya mai harbawa aka taɓa: a zare, a danne na minti 15, a tafi asibiti. Ƙurjin da ya yi zafi da ja, ko zazzaɓi bayan allura, ba a matse shi a gida. Inda sabo ya gagara sam, a ɗauraye tsohon da ruwa mai tsabta sau biyu, a cika shi da Jik ko Hypo na daƙiƙa 30 sau biyu, a sake ɗaurayewa sau biyu. Wannan da babu gara ba daɗi ne, ba ya ba da tabbas.

A haɗa da gwajin ƙanjamau da na hanta, da kwaroron roba. Wanda ya yi aron sirinji, ko ma'aikacin da allura ta soka, yana da awa 72 ya fara maganin kariya daga ƙanjamau, na kwana 28. Rigakafin hanta nau'in B ana iya gaggauta shi, ranar farko, ta 7 da ta 21. Nau'in C kuwa yanzu yana warkewa da ƙwayoyin mako 12.

Ragewa, dainawa, da komawa

Iyaye sun fi son a kulle yaro a ɗaki har abin ya fita daga jikinsa. Ga kodin da tiramadol, ciwon yankewa yakan fara cikin yini guda, ya tsananta a kwana na biyu da na uku, ya lafa cikin mako ɗaya zuwa kwana goma: hamma, majina, ciwon ƙashi, zawo, amai, rashin barci. Azaba ce, amma ba ta cika kisa ba muddin ana ba shi ruwan gishiri da sukari. Tiramadol takan ƙara da firgita da gane-gane. Roci da diyazefam da giya su ne ba a yanke su farat ɗaya, domin jijjigar da ke biyo baya tana kisa. Roci da diyazefam likita ke rage su, kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari duk mako ɗaya ko biyu, wani lokaci har watanni. Mai juna biyu da ta saba da kodin ko tiramol ita ma kada ta yanke da kanta, ciki na iya zubewa. A kai ta awo, a gaya wa ungozoma gaskiya don a sa ido kan jaririn. Matan aure dai ba za su zo majalisar maza ba. Sai an sami ma'aikaciya mace da ke shiga gidaje, kuma sirrin da ta ji ya tsaya a wajenta.

Ga wanda ya yi nisa da dangin ofiyom, abin da bincike ya fi tabbatar da amfaninsa shi ne a maye masa gurbi da magani mai daɗewa a jiki, metadon ko bufrenofin, a ƙarƙashin likita. Yana kashe ƙishirwar ba tare da buguwa ba, mutum ya koma sana'arsa. Metadon ana farawa da miligiram 10 zuwa 30, ana ƙara 5 zuwa 10 bayan 'yan kwanaki, yawanci a tsaya tsakanin 60 da 120. Yana taruwa a jiki, shi ya sa makonni biyun farko suka fi haɗari, kuma gaggawar ƙarawa ke kisa. Bufrenofin ba a fara shi sai ciwon yankewa ya bayyana, in ba haka ba shi da kansa zai jawo ciwon. Kuskuren da aka fi yi shi ne ba da kaɗan don tsoro, ko yankewa bayan wata biyu. Aikin na shekara ne ko fiye. Wannan hidima ba ta yaɗu a Najeriya ba tukuna, saboda haka ku san tun da wuri inda za ku tura mutum: asibitocin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, Maiduguri, Dawanau a Kano, da sashen tabin hankali na asibitocin koyarwa. Turawa da takarda kawai ba ta cika kai mutum ba, a haɗa shi da ɗan rakiya.

Gidan mari ba ya cikin wannan jerin. Samamen da 'yan sanda suka kai Rigasa a Kaduna a watan Satumban 2019, inda aka fito da mutane fiye da 300, da yawansu da sarƙa a ƙafa, ya nuna abin da ke faruwa a irin waɗannan wurare. Ko an ajiye batun duka gefe, akwai matsalar da ta shafi jiki. Wanda aka raba da ƙwaya na makonni, sabon da jikinsa ya yi yana zubewa, ƙishirwar kuwa tana nan. Ranar da ya fito ya sha adadin da ya saba, adadin ya zama guba. Makonni biyun farko bayan fitowa daga gidan yari, gidan gyaran hali ko gadon asibiti su ne mafi haɗari a rayuwar mashayi. Haka wanda ya daure ya rage saboda azumi, sannan ya ce zai rama da Sallah.

Saboda haka ku riƙe lissafin waɗanda ke tsare da ranar fitowarsu. A tare shi a makon farko, a gaya masa a fili cewa in har zai koma, kada ya wuce kwatan abin da ya saba, kada ya haɗa, kada ya kasance shi kaɗai. A ba uwarsa ko matarsa jakar nalokson, a sa ta gwada zuƙa da tsirawa a jikin lemo har hannunta ya faɗa. Wanda ya koma sha bayan ya daina ba a korar sa daga shirin, ba a kuma rage masa komai. A sake buɗe masa kati da lambarsa ta da, a tambaye shi me yake sha yanzu, nawa, kuma da wa.